Soson Cikin Jirgin Alminiyam: In An Cire Shi, Me Zai Riƙe Jirgi A Bisa Ruwa?

Da yammacin ranar Talata, 30 ga watan Nuwamba, 2021, wani jirgin fito ya tashi daga gaɓar ƙauyen Badau zai ƙetare Madatsar Ruwa ta Watari zuwa Bagwai. Akasarin waɗanda ke ciki yara ne 'yan makarantar Islamiyya, za su bikin Mauludi a Tofa. Jirgin bai kai ɗaya gaɓar ba. Kafin faɗuwar ranar washegari an tsamo gawa 29, adadin kuma ya ƙaru a kwanakin da suka biyo baya. Hukumomi suka ce lodi ne ya yi wa jirgin yawa, Gwamnatin Jihar Kano kuma ta dakatar da fiton fasinja a wannan mashigi na wani lokaci. Dattawan wurin ba su manta ba cewa a shekarar 2008 ayarin 'yan biki ya hallaka a cikin wannan ruwa, mafi yawansu mata.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da jirgi ya kife a Arewa, ko a Warra ta Jihar Kebbi a 2021, ko a Patigi ta Jihar Kwara a 2023, ko a Gbajibo ta Jihar Neja a 2024, magana ɗaya ake maimaitawa: a bar jiragen katako, a koma na alminiyam da na faiba. Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya yi wannan kira ga gwamnatocin jihohi a 2025, a shekarar da ma'aikatarsa ta shiga rabon rigunan ceto a jihohin da ke da manyan koguna. Shawara ce mai kyau, amma akwai wani abu a cikinta da ba a cika bayyana wa masu fito ba. Katako, in ya cika da ruwa, yakan yi ta lilo a sama. Alminiyam kuwa ƙarfe ne, nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau uku, in ya cika da ruwa sai ƙasa, sai fa in an ɗaura masa abin da zai riƙe shi. Wannan abu shi ne soson da maƙeran jirgi ke cusawa a ƙarƙashin benci da daɓen jirgin, wanda kuma yakan lalace, har ya zama dole a cire shi.

Manoma Ne, Ba Sarkawa Ba

Dalilin da ya sa wannan batu ya fi shafar arewacin Kano shi ne tarihin ruwan kansa. Ƙasar Bagwai da Bichi da Dambatta da Kunci da Minjibir ƙasar noma ce, gona na jingine da gona, babu daji a tsakani, itatuwan da ke tsaye ɗorawa ne da kuka da gawo da tsamiya, kowanne da mai shi. Kogunan Watari da Tomas da Gari da Jakara a dā na damina ne, da rani yashi ne, jaki da mai ƙafa duk ratsawa suke yi. Sai a shekarun 1970, bisa shirin madatsun ruwa da Gwamna Audu Bako ya kafa harsashinsa, aka tare waɗannan koguna ɗaya bayan ɗaya. An gina ta Watari tsakanin 1977 da 1980, ta shimfiɗa ruwa a kan hekta kusan dubu biyu. An sami noman rani da kifi da ruwan sha, amma hanyoyin da ke haɗa ƙauye da kasuwa sun nutse, tare da kututturan itatuwan da har yau ke jiran jirgi a ƙarƙashin ruwa.

Saboda haka fasinjan jirgin fito a nan ba ɗan Yawuri ba ne ko ɗan Argungu wanda ya tashi yana wasa da kogi. Manomi ne da buhunsa, da mace mai goyo, da almajiri, da yawansu ba su taɓa koyon iyo ba. In jirginsu ya cika da ruwa amma ya tsaya a sama, suna da abin riƙewa har masunta su iso. In ya ɓace a ƙarƙashinsu, minti biyu ma ya yi yawa.

Amurkawa sun gane haka tun da daɗewa. Bayan dokar lafiyar jiragen ruwa ta 1971, hukumar tsaron gaɓar tekunsu ta wajabta wa maƙera su sa abin da zai hana ƙananan jirage nutsewa, daga 1978 kuma aka ƙara da cewa jirgi mai injin rataye wanda bai kai ƙafa 20 ba, in ya cika da ruwa, ba tasowa kaɗai ake so ya yi ba, sai ya tsaya daidai kamar yadda yake tafiya, ba tare da ya kife ko ya ɗaga goshi sama ba. Shi ya sa kusan duk ƙaramin jirgin alminiyam da aka ƙera domin kasuwar can, sabo ne ko na hannu, za a tarar da soso a cikinsa.

Yadda Soso Ke Zama Kaya

Iri biyu aka fi gani. Akwai farin nan mai ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ake naɗe rediyo da talabijin da shi a cikin kwali. Akwai kuma mai launin rawaya-rawaya, irin na cikin bangon firji, wanda ake zubawa yana ruwa-ruwa ya kumbura ya cika kowane lungu ya daskare. Ba a maganar soson katifa a nan ko kaɗan, shi wannan tsotse ruwa yake yi nan take. Su waɗancan biyun ƙananan ɗakunan iska ne rufaffu, miliyoyi, shi ya sa ba su da nauyi: soso mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya da tsayin mita ɗaya nauyinsa bai wuce kilo 32 ba, amma zai iya ɗauke fiye da kilo 950 a bisa ruwa.

To, sai dai ɗakunan nan ba su dawwama. Girgizar inji da bugun igiyar ruwa da zafin rana suna farfasa su sannu a hankali. Soson da aka zuba kuma yakan toshe hanyar da ruwan cikin jirgi ke bi ya gangara baya, sai ruwan ya kwanta a ƙarƙashinsa shekara da shekaru. Farin soson yana da nasa ciwon dabam: da fetur ya taɓa shi sai ya narke ya zama danƙo, jirgin fito kuwa ba ya rabuwa da ɗigon mai.

Illar farko nauyi ce. Soson da ya isa ƙaramin jirgi, misalin rabin wancan ma'auni, kilo 16 ne yana bushe. In rabinsa ya sha ruwa, ya ƙara wa jirgin kilo 250, watau kamar manyan mutane huɗu waɗanda ba a gani, ba su biyan kuɗin fito, ba su kuma sauka. Mai jirgi zai ga inji yana shan mai fiye da dā, jirgi ya zauna ƙasa-ƙasa tun ba a ɗora masa komai ba, alhali shi yana lissafin fasinja da tsohon adadi.

Illa ta biyu ta fi muni domin ba a ganinta. Alminiyam ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, saboda da iska ta taɓa shi sai ya yi wa kansa wata fata siririya mai kare shi. Inda jiƙaƙƙen soso ya manne da shi iska ba ta shiga, fatar nan ba ta sabuntuwa, sai ƙarfen ya fara cin kansa, ya fid da wani farin gari kamar kanwa, a ƙarshe ya huje ƙanana-ƙananan ƙofofi kamar na allura. Jikin irin waɗannan jirage kaurinsa milimita biyu ne ko uku, wasu ma ba su kai ba, ke nan ba wata doguwar tafiya ce tsakanin farin gari da yoyo ba.

Gane jiƙaƙƙen soso ba shi da wuya. A fid da jirgi tudu, a ɗaga goshinsa, a buɗe matoshin baya: in bayan kwana biyu yana ta ɗiga, soson ne ke tsiyaya. Ko kuma a samu siririn bututu a soka har ƙasa a zaro, domin sama kan bushe ƙeƙas alhali ƙasa ta zama kamar danƙararren kunu. Shanya shi a rana ba ta magani, ruwan da ya shiga fasassun ɗakuna ba ya fita da sauƙi, in ma ya fita, zai koma da damina ta farko.

Cirewa

Aikin ba ya bukatar wani babban injiniya, haƙuri yake bukata. Akan fara da huda kan ƙusoshin da suka riƙe benci da daɓe a ɗaga su. Farin soso fitowa yake yi gunduwa-gunduwa. Na zubawa shi ne mai taurin kai: sai a yayyanka shi da zarto gida-gida kamar ana yanka alkaki, ana lura kada haƙorin zarto ya kai ga ƙarfe, sa'an nan a ɓamɓare da itace mai faɗin baki. Abin da ya rage a manne a kankare shi da katako ko roba mai tauri. Burushin baƙin ƙarfe ba shi da kyau a nan, domin yakan bar ɓurɓushinsa a jikin alminiyam, wurin kuma ya zama mafarin sabon ci.

Akwai gajerun hanyoyi guda uku da ke jan hankalin mai gaggawa, dukansu kuwa ɓarna ne. Wani zai ce a cinna wa soson wuta. Hayaƙin soson firji dafi ne mai kisa, in kuma ya sha fetur, tashi zai yi gaba ɗaya, ga shi alminiyam na narkewa a zafin digiri 660, tun kafin nan ma ya riga ya yi laushi ya rasa ƙarfinsa. Wani zai ce a zuba fetur ya narkar da shi: fetur ba ya narkar da na zubawa, haɗarin gobara kawai zai ƙara. Na uku ya ce a wanke da sodar yin sabulu, ita kuwa soda cin alminiyam take yi, kamar yadda duk matar da ta taɓa dafa sabulu a tukunyar alminiyam ta sani. Ruwa da sabulun wanki sun isa.

Bayan an wanke ya bushe, sai a ɗora jirgin a kan turaka, a zuba masa ruwa kamar taƙi ɗaya, ba fiye ba don kada nauyi ya lanƙwasa shi, a leƙa ta ƙasa a yi wa duk inda ke ɗiga alama da alli. Ƙananan ƙofofi ana liƙe su da gam mai haɗi biyu irin na ƙarfe. Inda cin ya yi faɗi sai faci, shi ma da alminiyam, a wurin mai waldar da ya san aikinsa, domin waldar ƙofa da taga ba ta kama shi. Kada a kusanto da wutar walda kafin an tabbata babu sauran soso a kusa.

A nan ne haɗarin na gaskiya yake. Jirgin da aka sauke wa kilo ɗari biyu zai yi sauƙi, ya yi gudu, ya rage shan mai, wurin da soso ya bari kuma ya zama ma'ajiyar kaya. Mai shi zai ga kamar ya huta da wata wahala ce da Bature ya ɗora masa ba dalili. A ranar da ruwa ke kwance babu abin da zai nuna masa kuskurensa, domin soso ba ya ƙara wa jirgi ƙarfin ɗaukar kaya ko da na kilo ɗaya muddin ruwa bai shiga ba. Amfaninsa duka na rana ɗaya ne.

Lissafin Jarka

Ƙa'idar tsohuwa ce, wani masanin Girka mai suna Arkimidis ya bayyana ta fiye da shekara 2,200 da suka wuce: duk abin da ya shiga ruwa, ruwan zai tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan lita ɗaya ta iska, in an kulle ta, za ta ɗauki kilo ɗaya.

Masunta ba su jira Arkimidis ba. Har gobe a bikin kamun kifi na Argungu masunci kan kwanta a kan ƙaton gora ya bi ruwa da homarsa. Baturen nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851 da sunan Abdulkarim, ya ba da labarin yadda ake ƙetare Kogin Yobe a ƙasar Barno da manyan goruna biyu da aka haɗa da itace. Jarkar roba jikanyar wannan gora ce, ta kuma fi shi juriya.

Ga misali. A ce jirgi nauyinsa kilo 150 ne. Alminiyam a cikin ruwa yakan rage saura kamar kashi 63 cikin ɗari na nauyinsa, watau kilo 95. Injin rataye mai ƙarfin doki 40 ya kai kilo 70, a cikin ruwa a ɗauka 60. Mutumin da jikinsa ke cikin ruwa yana riƙe da bakin jirgi ba ya bukatar a ɗauki nauyinsa duka, kilo 15 ya isa ya tsai da kansa a sama, daidai da abin da rigar ceto mai kyau ke bayarwa. Mutum 12 ke nan kilo 180. In an haɗa, 335. A ƙara rubu'i saboda kaya da kuskure, ya zama wajen 420. Jarka mai lita 25, in an cire nauyin kanta, tana ɗaukar kilo 23. Jarka 20 sun biya bukata har da rara. Wanda ya fi son robobin ruwan sha masu lita ɗaya da rabi zai nemi kamar 300.

Kowanne da nasa hali. Jarka tana da arha, ana samunta a kowace kasuwa daga Bichi har Dambatta, fetur ba ya cin ta, ana kuma iya ciro ta a duba a mayar. Amma in ta huje, lita 25 ta tafi lokaci ɗaya, rana kuma tana gasa roba har ta yi ƙarau, saboda haka sai a ƙarƙashin benci ko cikin rufi. Ƙananan robobi sun fi ta a wannan fuska, in goma sun fashe saura na nan, sai dai dole a ɗure su cikin raga ko buhu a ɗaure, in ba haka ba ranar haɗari watsewa za su yi kowace ta kama gabanta. Tiyub na mota sacewa yake yi a hankali, mai kuma na ruɓar da shi, bai kamata a dogara da shi ba. Akwatin iska da aka yi wa walda a jikin jirgi yana da kyau in maƙerin gwani ne, amma tsaga ɗaya da ido bai gani ba ta isa ta cika shi. Wanda ke da hali, mafi inganci shi ne soso mai santsi da lanƙwasuwa irin wanda ke cikin rigar ceto, a yanka shi allo-allo a jera, a bar rata a ƙasa inda ruwa da iska za su wuce. Farin soso ma zai yi, in an naɗe kowane guntu da leda mai kauri, aka nisanta shi da tankin mai.

Inda aka sa su ya fi yawansu muhimmanci. Hankali zai ba mutum ya shimfiɗa su a ƙasan jirgi, to wannan shi ke sa jirgi ya juya ciki sama in ya cika da ruwa, domin iska na neman sama, nauyin mutane da inji na neman ƙasa. Bayan jirgin da ya kife santsi ne da shi, babu marika. Abin da ake so shi ne a jera su sama-sama, a gefe biyu daidai wa daida, a fi yawaita su a baya inda inji yake, a kuma bar wasu a goshi. Sa'an nan ɗauri: jarka 20 za su tura sama da ƙarfin da ya kusa rabin tan, in bencin da ke kansu ƙusa huɗu ce ke riƙe da shi, ɓallewa zai yi ya bi su, jirgi ya tafi ƙasa shi kaɗai. Igiyar roba mai kauri ita ce ta dace. Wayar tagulla ko ta baƙin ƙarfe, in ta zauna a jikin alminiyam cikin damshi, huda shi take yi.

Masu jirgin katako ma lissafin ya shafe su. Katako na tasowa da kansa, amma da ƙyar, in an rataya masa inji aka ɗora babur da buhunan hatsi, abin da zai rage a sama bai isa yaro ya riƙe ba. Jarka goma a ƙarƙashin benci ba su kai kuɗin man mako ɗaya ba.

Babu ɗaya daga cikin wannan da zai gyara lodi. Jirgin da aka yi wa lissafin mutum 12 aka ɗora masa 40 zai nutse da jarkokinsa, dokokin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, waɗanda suka hana tafiyar dare da wuce kima, suka kuma wajabta rigar ceto, suna nan daram. Abin da ya kamata ƙananan hukumomi da sarakunan ruwa su ƙara a kansu shi ne gwaji, tun da ba ya cin ko kwabo. A Amurka sai an jiƙa jirgi awa 18 kafin a auna shi. A Watari ko Tomas abin da ake bukata bai kai haka ba: a kai jirgi inda ruwa bai wuce ƙirji ba, a sauke inji a ɗaura duwatsu masu nauyinsa a gurbinsa, a cika jirgin da ruwa har baki, sa'an nan samari su kewaye shi su rataya a gefe. In ya tsaya daidai, bakinsa na leƙowa, ya ci. In ya karkata ko ya ɗaga goshi, a matsar da jarkoki a sake. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne bazara, watan Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da ruwan madatsa ya ja baya, gaɓa ta yi faɗi, masu fito kuma ba su koma gona ba tukuna.